Layi Ɗaya da Auta Ya Kashe

A gida Auta ake ce masa, har bayan furfura ta keto masa gemu. A wurin aiki kuwa Mai Kwamfuta ne. Shi ne na bakwai a ɗakinsu, kuma uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, bai riƙe komai nata ba sai ƙamshin man da take shafawa. Babansu leburan gyaran hanya ne, inda kwalta ta nufa nan yake nufa, sai ya yi wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Don haka riƙon yaron ya faɗa hannun babbar yayarsu, wadda gidan duka da maƙwabta ke kira Yaya.

Yaya tela ce. Keken ɗinkinta na ƙafa ne, kuma kayan 'yan makaranta take ɗinkawa, riga da wando da siket, shekara da shekaru. A gindin keken nan Auta ya yi wayo, yana tsintar ƙyalle yana kallon yadda bel ke juya ƙafar keke. Da ta yi aure ta tafi da shi, da auren ya ƙi ƙarko ta dawo da shi. Allah bai ba ta haihuwa ba. Idan mata suka taya ta jimami sai ta nuna shi da almakashi ta ce, "Ga tawa haihuwar nan. Ban yi naƙudarsa ba, amma duk sauran wahalar ni na sha."

Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama lafiya. Ya kwance rediyon gidan, ya kwance agogon bango, ya taɓa kwance keken ɗinkin ma, ranar da ya sha dukan da bai manta ba. Yaya ce ta kai shi makarantar koyon sana'a ya karanta lantarki. Daga nan ya zauna shagon gyaran kwamfuta na wasu shekaru, ya koyi abin da ya koya da tambaya da ɓarna, har aka ɗauke shi aiki a wata ƙaramar ma'aikata da ke bayan babban asibiti, inda ake yi wa waɗanda aka yanke wa gaɓa ƙafa da hannu na roba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku. Mutum ne mara yawan magana, mai tafiya da ɗan sukurdireba a aljihun gaba kamar yadda wasu ke tafiya da biro.

Ma'aikatar ɗaki uku ce da baranda. A barandar akwai dogon benci inda masu jira ke zama da sandunansu a jingine. Ɗaki na farko na Mai Awo ne, wata mata mai tabarau da saurin fushi, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin. Ita ke auna dungun mutum, ta zana siffarsa a kwamfuta, ta bar ɗan sarari a duk inda ƙashi ya turo don kada roba ta danne shi. Ɗaki na biyu na Auta ne, inda injin sassaƙa yake. Zanen Mai Awo yana bin waya ya shiga injin, injin ya sassaƙa shi a jikin wani soso mai tauri. A ɗaki na uku ake gasa roba a lulluɓa wa soson, ta sandare ta zama kwanson da dungun zai zauna a ciki. Wurin kullum warin roba yake, kuma farin gari ba ya rabuwa da gashin mutum.

Injin ya girmi wasu daga cikin ma'aikatan. Kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rushewa, babu wanda za a kira, babu inda za a samo kayansa. Wata tsohuwar kwamfuta ce ke ba shi umarni ta wata kafa mai ƙusoshi tara da ake kira siriyal, wadda saƙo ke bi ta cikinta harafi bayan harafi, kamar mutane a ƙofar da ba ta ɗaukar biyu. Shekara goma sha tara Auta yana lallaɓa su biyun, yana hure musu ƙura, yana sauya fanka.

A shekarar da ya cika arba'in da shida ciwon suga ya ci ƙafar Yaya. Daga ɗan ƙaramin yanka a yatsa abin ya fara, ya ƙare da yanke ƙafar hagu a ƙasan gwiwa. Da ta farfaɗo daga allurar barci, abin da ta fara ce masa shi ne, "To, mai yi wa mutane ƙafa, yau ciniki ya zo har gida." Ya yi dariya don ta ga ya yi. Bayan wata huɗu dungun ya warke, Mai Awo ta auna ta, aka sa ta a layi. Saura mutum biyar a zo kanta, ranar wata Litinin da safe, tsohuwar kwamfutar ta yi wani ɗan ƙara, ƙaurin ƙuna ya tashi, allon ya yi baƙi.

Auta ya buɗe ta ya duba, ya san ba ta tashi. Manaja ya shigo yana toshe hanci.

"Kwana nawa?"

"Ranka ya daɗe, wannan ta tafi ke nan."

"To a ɗauko wata a ofis a jona."

"Sababbin ba su da kafar da injin ke sha. Kuma manhajar da ke cikin tsohuwar ba ta zama a kansu."

Manaja ya dube shi, ya dubi bencin baranda ta taga. "Ni dai ban san wannan yaren naka ba. Mutanen can na sani."

Abu ɗaya ya cece su. Shekara biyu kafin nan Auta ya kwafe duk abin da ke cikin tsohuwar ya adana. Dabarar da ta rage ita ce ya gina kwamfuta ta ƙarya a cikin sabuwar, wadda ba ta da jiki sai manhaja, ya zuba mata kwafin, ta riƙa zaton ita ce tsohuwar. Ya bayyana wa Mai Awo cewa kamar a gina wa tsoho ɗakinsa na da ne a cikin sabon gida, da gadonsa da tagarsa, don kada ya gane an yi ƙaura. Ta ce, "In dai tsohon zai yi aiki, ka gina masa har da bayi."

A kwana na biyu kwamfutar ƙaryar ta tashi, tsohon allon ya bayyana da launinsa na da. Saura ta yi magana da injin. Ya samo adafta mai kafar siriyal ya jona a sabuwar kwamfutar, amma ta cikin ba ta gan shi ba. Ya gano sai an ba ta izini. Da ya ba ta, sai ya tarar sunan kafar yana sauyawa duk lokacin da aka zare waya aka mayar, yau lamba ɗaya gobe lamba biyu, har sai da ya ɗaure sunan wuri guda. Sannan gudun saƙo: injin yana saurare a dubu tara da ɗari shida, kafar tana zuba a wani gudun dabam, abin da ke isa sai shirme. Ya daidaita. Kwana uku wannan ya ci.

Sai babbar matsalar ta fito. Ƙaramar manhajar da ke tura zane zuwa injin ta ƙi tashi, domin an ɗaure ta da wani kati da ya ƙone tare da tsohuwar kwamfutar. Dole a sake gina ta daga asalin rubutunta. Rubutun yana kan wani faifai da masu injin suka bari a aljihun tebur, cikin ambulan da ta yi ja don tsufa. Auta ba marubucin manhaja ba ne. Ya iya karantawa kamar yadda mutum ke karanta yaren da ya tsinta a kasuwa. Ya ba da umarnin gini, allon ya cika da jan rubutu: kuskure sittin da uku.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani fayil ne ya ɓace, ya nemo shi. Wani suna ne aka daina amfani da shi tun tuni, ya nemo wanda ya gaje shi. Wani lokaci ya gyara ɗaya, goma su ɓace tare, ya ji kamar an sauke masa dutse. Wani lokaci ya gyara ɗaya, sababbi bakwai su fito. Ya rubuta tambaya a wani dandalin masu irin wannan aiki a intanet, mutum ɗaya ne ya amsa, ya ce ya jefar da injin ya sayi na zamani. Duk safiya sai ya ratsa baranda kafin ya kai ɗakinsa, idanu na binsa. Babu mai zaginsa. Gaisuwa suke yi, "Sannu da ƙoƙari, Mai Kwamfuta," kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Akwai wata uwa da ke zuwa kullum da 'yarta mai dungun hannu, daga nesa, ko da an ce mata kada ta zo sai an kira ta.

Yaya kan kira shi da tsakar rana. "Auta, ƙafar tawa ta nuna ko har yanzu tana kan wuta? An kusa komawa makaranta, iyayen yara sun fara kawo yadi."

"Saura kaɗan, Yaya."

"Tun kana ɗan wando ɗaya komai naka saura kaɗan ne."

A kwana na tara da fara ginin, kuskure ɗaya ya rage. Layi na ɗari biyu da goma sha huɗu. Wani suna ne mai haruffa bakwai, manhajar gini ta ce ba ta san shi ba. Ya nema a sauran fayilolin bai ga inda aka bayyana shi ba. Babu bayani a gefen layin. Ya gwada abu uku, duk suka ƙi. Wajen ƙarfe uku Manaja ya shigo ya tsaya a bayansa, ya ce hukumar asibiti ta fara maganar a rufe ɗakin injin a riƙa tura mutane wani gari.

"Saura layi ɗaya, ranka ya daɗe."

"Layi ɗaya cikin nawa?"

"Sun fi dubu biyu."

"To mene ne aikinsa?"

Auta ya faɗi gaskiya. "Ban sani ba."

Bayan fitar Manaja, Auta ya daɗe yana kallon layin. Akwai wata alama, karan tsaye biyu a karkace, da in aka sa a gaban layi manhajar gini ke tsallake shi kamar babu shi. Ya ce a ransa bari ya gwada kawai ya gani, daga baya ya dawo ya bincika. Ya sa alamar. Ginin ya wuce sumul, babu ja ko ɗaya. Ya tura ɗan zanen gwaji, wani abu kamar kofi. Injin da ya yi mako biyu shiru ya yi gurnani, wuƙarsa ta sauka kan soso, farin gari ya tashi. Ya auna kofin ta kowane gefe, daidai. Ya tura zanen hannun yarinyar nan, Mai Awo ta auna da kanta, daidai. Mutanen baranda suka ji ƙarar injin suka ɗau tafi. Aiki ya taru, ana fitar da biyu uku a rana, kuma maganar dawowa a bincika layin ta bi ruwa.

Ranar da aka sa wa Yaya ƙafarta, ta kama ƙarafan gwaji biyu ta taka daga wannan bango zuwa wancan, tana cije leɓe. A karo na uku ta saki hannu ɗaya. "Kai, Auta, wannan ai ta fi ta da. Ta da kullum ciwo take." Mai Awo ta cire kwanson ta duba dungun, ta ga ɗan ja a kan ƙashin gaba, irin wanda ake yawan gani a ranar farko. Ta ce mata ta riƙa dubawa da madubi kullum, kuma ta dawo bayan mako guda ko da lafiya lau take.

Yaya ba ta dawo ba. Yadi ya cika mata ɗaki. Da ƙafar dama take taka keke, amma yini take da ta robar a jikinta, tana tashi tana yanka a tsaye, tana zuwa ƙofa karɓar masu kawo aiki. Suga ya riga ya kashe mata jijiyoyin wurin, ko allura aka soka ba ta ji. Auta ya tambaye ta sau biyu ko ta koma wurin Mai Awo, ta ce sai ta rage aiki. Daga baya ta faɗa cewa a mako na biyu ta ga tabo a safar da ke cikin kwanson, ta wanke ta yi shiru, don kada a ce aikin ƙaninta ne bai yi kyau ba.

Matar Auta ce ta gano. Ta kai mata abinci wata rana da hantsi, ta ji wani wari a ɗakin da turare bai rufe ba. Ta matsa, Yaya ta ƙi, ta matsa har ta cire ƙafar robar. Abin da ta gani ya sa ta fita waje ta kira mijinta tana kuka. Mako biyar ke nan da sa ƙafar. Likitoci suka yi kwana goma suna fama, ciwon ya riga ya kai ƙashi. Aka sake yankewa, wannan karon a saman gwiwa.

Kowa ya ce suga ne. Likita ya ce haka masu suga suke, Mai Awo ta yi ta faɗa a kan rashin dawowa, dangi suka ce ƙaddara. Auta ma ya yarda, ya riƙa zuwa asibiti da safe kafin aiki yana juya ta a gado.

Ana cikin haka wani mahauci ya zo. Ƙato ne, babur ya ci masa ƙafa shekaru da suka wuce, kuma wannan ce ƙafarsa ta uku daga ma'aikatar. Ya cire ta a baranda ya dangwarar a teburin Mai Awo.

"Hajiya, wannan ba irin waɗanda kuka saba yi mini ba ce. Yini nake a tsaye. Tana cina a ƙashi kamar an sa tsakuwa. Dubi nan."

Fatar ta sale, ta fara ruwa. Mai Awo ta sa aka ɗauko soson da aka gasa kwansonsa a kai daga sito, ta auna shi, ta duba zanenta a kwamfuta, ta sake aunawa. Sannan ta shiga ɗakin Auta ta rufo ƙofa.

"Na bar wa ƙashinsa sarari. Ga shi a zane. A soson babu. Milimita uku sun ɓace."

"Ko wuƙar ce ta dakushe?"

"Wuƙa ba ta dakushewa a wuri ɗaya ta bar saura. Ni ba ni na yi wannan ba, Mai Kwamfuta. Ka duba wajenka."

Ya sake tura zanen mahaucin, ya ja kujera ya zauna gaban injin yana kallo. Can tsakiyar aikin wata 'yar fitila a gefen injin ta koma rawaya na ɗan lokaci. Shekara goma sha tara yana ganin fitilar nan tana haka, kuma a da duk lokacin da ta kunna, lambobin da ke gudu a allon kwamfuta sukan tsaya su jira. Ya waiwaya. Lambobin ba su tsaya ba. Ya ɗauko tsohon littafin injin ya bi shafi shafi har ya samu. Ma'ajiyar injin ƙarama ce. Idan ta cika, yakan aika alama ta ɗaya daga cikin ƙusoshin nan tara cewa a dakata. In ba a dakata ba, abin da ya iso a lokacin zubewa yake, injin ya haɗa inda ya tsaya da inda ya ci gaba, ya shafe tsakanin sumul yadda ido ba zai gani ba. Ƙaramin zane kamar kofi ko hannun yarinya ba ya cika ma'ajiyar. Ƙafar babban mutum tana cika ta.

Ya buɗe rubutun manhajar ya gangara. Tun kafin ya kai ya sani. Sunan nan mai haruffa bakwai shi ne umarnin a saurari alamar dakatawa. Da ya san abin da yake nema, amsar ba ta yi wuya ba: layi ɗaya ake ƙarawa a saman fayil, manhajar gini ta gane sunan. Ya ƙara, ya cire karan nan biyu, ya gina, ya buɗe saitin kwamfutar ƙaryar ya tabbatar alamar tana ratsowa daga adafta. Ya tura zanen. Fitila ta yi rawaya, lambobi suka tsaya cak, suka jira, suka ci gaba. Gyaran duka bai kai minti goma sha biyar ba.

Ya je sito da kansa ya nemo soson Yaya. Sunanta na jiki da rubutun Mai Awo. Ya auna kan ƙashin gaba. Ya zauna a ƙasan siton, cikin farin gari, har Mai Awo ta zo nemansa ta same shi a haka. Ta karɓi soson da ma'aunin daga hannunsa, ta auna, ta cire tabarau. 

Mutum goma sha huɗu aka yi wa manyan ƙafafu tsakanin tashin injin da ranar. Suka kai wa Manaja sunayen. Ya karanta, ya share goshi, ya ce a kira su duka a ce ana duba lafiyar ƙafafu ne, a sauya musu, kada a faɗi dalili.

"In maganar nan ta fita za a rufe wurin nan. Sannan wa ya ci riba? Su waɗanda ke benci?"

"Ranka ya daɗe, in ba a faɗa musu ba, wanda ke nesa zai ce tasa lafiya take, ba zai zo ba."

"Kai ka san abin da kake jawo wa kanka?"

"Na riga na jawo."

Mai Awo ta goyi bayansa. Su biyu suka yi ta kira, waɗanda waya ba ta same su ba Auta ya hau mota ya bi su gida. Cikin sha huɗun, shida ƙafafunsu sun fito da aibi, uku sun yi rauni. Ban da Yaya babu wanda ya rasa ƙarin gaɓa. Wasu suka ce Allah ya kiyaye gaba. Mahaucin kuwa a rumfarsa Auta ya same shi, ya saurare shi har ƙarshe, wuƙa a hannu, nama a gabansa, sannan ya ce, "Wato ba ka san aikin abu ba ka cire shi. Ni in na yi wa mutane haka a nama, da tuni an ƙone rumfar nan." Ya juya wa Auta baya ya ci gaba da sara.

Yaya ce ta ƙarshe. An sallame ta, tana gidansa, a ɗakin da yaran suka tashi suka bar mata. Matarsa ta roƙe shi kada ya faɗa. Ta ce, "Baban yara, me zai ƙara mata? Ƙafar ba za ta dawo ba." Ya yi kwana huɗu yana shiga ɗakin yana fitowa. A na biyar, bayan yara sun tafi makaranta, ya zauna a ƙasa kusa da gadonta ya faɗa mata duka, da layin, da karan biyu, da milimita uku. Bai ce Manaja ya matsa masa ba.

Ta dubi silin, ta jefo masa tambaya.

"Ka san abin da yake yi lokacin da ka cire shi?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Amma ka san ba ka sani ba."

"Na sani."

Ta juyar da fuska bango. Can ta ce, "Da ka bar ni da sugana, Auta. Suga ba ƙanina ba ne. Ina zaginsa in ji sanyi. Yanzu wa zan zaga?"

Bayan kwana biyu ta kira shi ta ce ta yafe, kuma ita ma da nata, tunda an ce ta dawo ba ta dawo ba. Ya san da gaske take. Amma wasan da ke tsakaninsu bai dawo ba. Takan amsa gaisuwarsa, ta tambayi aiki, ta yi masa addu'a, kamar yadda ake yi wa surukin kirki. Da dungun ya warke Mai Awo ta zo har gida da ma'auninta, Yaya ta ce a bar shi, ta gaji. Aka kawo mata keken guragu. Masu kawo yadi suka koma wani wuri. Ta yi shekara ɗaya da wata uku a ɗakin nan, ƙodarta ta gaza, ta rasu wata Laraba da rana, Auta yana wurin aiki.

Hukumar asibiti ta yi zama a kan lamarin, aka ba shi takardar gargaɗi, aka sauya Manaja. Ba a rufe ma'aikatar ba. Bayan rasuwar ya rubuta takardar ajiye aiki, sabon manajan ya karanta ya mayar masa, ya ce duk ginin babu wanda ya san yadda kwamfutar nan ke magana da injin sai shi, in ya tafi injin ya tsaya. Auta ya ninke takardar ya koma ɗakinsa.

Yana nan har yanzu, ya haura hamsin, hawan jini ya kama shi. Ya rubuta bayanin kowane saiti a wani littafi mai bangon kwali, ya manna kwafi a bango. Duk soson da ya fito sai ya auna shi a wuri goma sha biyu kafin ya bari a kai ɗakin gasa roba, abin da ya sa ma'aikatan da suka zo daga baya, waɗanda ba su san labarin ba, ke ce masa Baba Sannu-Sannu. Ba ya musu.

Mahaucin bai sauya ma'aikata ba, don babu wata kusa. Duk bayan shekara biyu yakan zo a sake masa kwanso. Yana gaisawa da kowa a baranda, ya yi wa Mai Awo ba'a, amma ba ya gaida Auta. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kuma aka bar shi da shi: ranar da za a sassaƙa nasa, sai ya tsaya a ƙofar ɗakin inji yana kallo daga farko har ƙarshe. Aikin yakan ɗauki minti arba'in. Auta yakan ajiye masa kujera a bakin ƙofar tun da safe, ya goge mata gari. Mahaucin yakan tsaya a gefenta a kan sandarsa, da ƙafa ɗaya, har injin ya yi shiru.